Makullin da Ke Cikin Hular Kawu

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, zauren gidanmu bai ɗauke mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Yawancinsu direbobi ne, tsofaffin hannu da na yanzu, irin mutanen da ko sun yi wanka sun sa farar riga sai ka ji ɗan warin baƙin mai yana binsu. Kowa ya zo ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya," a yi addu'a a shafa, ya ja gefe ya zauna. Ni ke karɓar gaisuwa, domin Kawu bai bar ɗa namiji ba. Yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi tun rasuwar mahaifina, kuma shi ya fara ɗora hannuna a kan sitiyari.

Zaman makokin direbobi ba ya daɗewa shiru. Wani tsoho da ya yi shekaru yana jigilar Daura zuwa Kano ya ce, "Mutumin nan, tun kana kwanar shigowa gareji zai gaya maka abin da ke damun motarka, ko gaisawa ba ku yi ba." Wani ya ce, "Ni fa kwana huɗu ya taɓa riƙe mini makulli. Har wurin mai unguwa na kai ƙararsa, mai unguwa ya ce in koma in ba shi haƙuri." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka tuna inda ake, aka gyara fuska. Can sai wani daga baya ya sauke murya ya ce, "Allah dai ya yafe masa wancan kuskuren guda ɗaya. Ɗan Adam ne." Zaure ya amsa da amin. Ni ma na ce amin, da bakin nan nawa.

Bayan la'asar aka sauke wani mutum daga kan mashin. Dogo ne siriri, yana dogara sanda, ƙafarsa ta hagu tana jan ƙasa. Tun daga nesa na gane shi. Daga wani ƙauye yake a bayan Baure. Ya gaisa, ya zauna da ƙyar ya miƙe ƙafar, ya ce, "Jama'a, ni ne mai amalanken da motar nan ta buge shekarun baya. Na zo in faɗa a gaban shaidu, na yafe wa marigayi duniya da lahira. Tun tuni na yafe, amma gara ku ji da kunnenku." Aka yi ta kabbara ana sa masa albarka. Ni kuwa na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kuka nake.

Kuskuren da ake roƙa wa Kawu gafara a kansa nawa ne. Ni na aikata, shi ya ɗauka har kabari, ni kuma na zuba ido na bar shi da kayan shekara tara. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan ke nan. Ba na son a manta da shi, kuma ba na son a riƙa tuna shi da abin da bai yi ba.

Garejin Kawu inuwar darbejiya biyu ce a hanyar fita Kwangwalam, da rumfar kwano, da akwatin ƙarfe na sifanu, da wani benci da ya ga jiya ya ga yau. Bai yi boko ba, allo ya yi, girman sifana ma da ido yake gane shi. Ba ya gaggawa ko kaɗan. In ka kawo mota kana ta zuba bayani, sai ya fasa goro ya miƙo maka rabi ya ce, "Riƙe wannan ka ɗan yi shiru, bari in ji ta bakinta." Ya ɗora tsinin dogon sukundireba a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu.

Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suka tafi gidajensu, ya dawo ɗakin da ke kusa da zauren gidanmu. Shi da Inna, mahaifiyata, kullum cikin tsiya suke irin ta wa da ƙanwa. Tana ce masa mai taurin kai, yana ce mata rediyo mai jini. Ta aika masa fura gareji, ya ce sukari ya yi yawa, ya shanye ya lashe ludayi. Injin taliyarta kuwa ya gyara shi ya fi a ƙirga, duk gyara sai ya ce wannan ne na ƙarshe. Matan unguwa ma sun gane shi, in injin niƙa ya tsaya ba sa neman kowa, sai su tsaya a bakin zaure su yi sallama, ya fito yana mita yana ɗaukar sifana.

Abu biyu aka san shi da su a duk ƙasar Daura. Na farko gwajin birki. Kowace mota aka kawo masa, ko fitila ce kawai ta mutu, kafin ta fita sai ya shiga ya tayar da ita, ya taka birki ya riƙe, ya karanta Fatiha a natse. In ya kai amin ƙafarsa tana inda take, sai ya ce ka tafi, Allah ya tsare hanya. In kuwa ƙafar ta sauka ko da faɗin yatsa ne kafin ya kai ƙarshe, sai abu na biyu ya biyo baya: ya zare makulli, ya cire hularsa, ya jefa shi ciki, ya mayar da ita kansa. Shi ke nan. Makullin da ya shiga hular Kawu ba ya fitowa sai birki ya gyaru, ko kai ɗan wane ne. Hular tsohuwa ce mai zurfi, bakinta ya yi baƙi da maiƙo. Inna ta sha saya masa sabuwa, ya sa ranar Juma'a, Asabar ya koma wa tsohuwarsa.

Na ga ranar da wani babban dillalin shanu, mai ji da kansa, ya tsaya a kansa yana kumfar baki, yana cewa motarsa ce, da guminsa ya saya. Kawu yana zaune yana wanke wani noti a cikin fetur, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, motar taka ce, ban musa ba. Amma yaran da ke tsallaka titi ba naka ba ne." Alhaji ya ce zai sa a cire hular da ƙarfi. Kawu ya ce, "Bismillah, ga kan." Babu wanda ya matso. Bayan sati biyu Alhajin ya aiko masa da cinyar rago, ya raba wa mai faci da mai shayin da ke gefen gareji.

Ni sana'ata kai dabbobi da hatsi kasuwannin ƙauye. Da Allah ya hore mini tawa motar, wata tsohuwar a-kori-kura na samu da aka shigo da ita ta iyaka, fara, mai faɗin ƙirji, ta sha duniya kafin ta zo hannuna. Abin da ya ruɗe ni da ita, otomatik ce, ita ke canza wa kanta giya. A lokacin irinta ba su da yawa a Daura, in na shiga tasha sai a yi ta leƙowa a ga motar da ba ta da kuloci, ni kuma kaina yana ƙara girma. Na kai wa Kawu ya sa albarka. Ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa wurin ƙafa ya ga feda biyu kawai, ya ce, "Ina ɗayar?" Na ce ai ba a buƙatarta. Ya ce, "To, malalaci ya sami abokiyar zama." Haruffan da ke jikin sandar giya kuwa da sunan allo ya kira su: Ra ta komawa baya, Dal ta tafiya, Lam can a ƙasa. Ya ɗora yatsa a kan Lam ya ce, "Wannan ban san ta ba, amma da alama ita ce giya ɗaya. Ranar da ƙafa ta ci amanarka, ka jawo sandar nan zuwa kanta." Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi.

Wata shida tana tafiya lafiya lau, sannan ta fara nuna hali. In na tashi sai ta maƙale a giya ɗaya, inji yana kururuwa, ina ba ta totur tana ƙi, har mutanen gefen titi su juyo. Can sai ta shiga ta biyu da wani irin duka, gum, kamar an sauke taɓarya a turmi, raguna su zube a baya. In na tsaya, injin ya yi ta rawa kamar zai mutu. Birki kuma ya yi tauri, sai na miƙe a kansa da duk ƙarfina kafin ta tsaya. 'Yan tasha kowa da fatawarsa. Wani ya ce giyar ta ƙone sai an sauke ta, wani ya ce a cire ta gaba ɗaya a dasa mata ta hannu, wani ya ce bakin mutane ne ya kama ta. Ni kuma ina jin nauyin kai wa Kawu, kada ya ce ai ya faɗa, sai na shiga 'yan dabaruna. Wata rana na buɗe bonet na ga man birki ya yi ƙasa a kofinsa, ga ragowar jan man giya a galan bayan kujera. Na ce ai mai duk mai ne, na cika kofin da shi. Na rufe bonet ina jin ni ma na zama makanike.

Da abin ya ishe ni dai na kai ta. Kawu bai ce ai na faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce, "Ni ban taɓa buɗe cikin irin wannan ba, kuma ba da taka zan koya ba. Mu bi ta daga waje tukuna." Ya sa na ja mu muka yi hanyar Kwangwalam muka dawo, yana gefe ido a rufe. Da muka iso ya ce kada in kashe ta. Ya sa na tsaya a wuri mai daidai, na bi haruffan nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zaro sandar awon man giya, ya ɗiga a kan farin ƙyalle, ya ɗaga a rana, ya sansana. Ya ce, "Ja ne kamar zoɓo, bai ragu ba, kuma ba ya ƙauri. Da ta ƙone da ka ji kamar tuwo ya kama a tukunya. Giyar nan lafiyarta ƙalau, wani ne ke yi mata ƙarya."

Ban gane ba. Ya ce, "Tun da ba ka da kuloci, wa ke gaya mata lokacin canji ya yi? Dole akwai ɗan aike." Kwana biyu yana neman ɗan aiken nan. Ya bi kowace waya da kowane tiyo da yatsa, tun daga inji har ƙarƙashin mota, yana kwance a kan buhu, mutumin da ya doshi saba'in. A rana ta biyu bayan azahar ya ce kowa ya yi shiru, har mai shayi ya kashe rediyo. Ya kai kunne bayan inji ya ce, "Ka ji? Tana shaƙar iska ta inda bai kamata ba." Wani baƙin tiyo ne, kaurinsa bai fi babban yatsa ba, ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ya nuna mini yadda ya taso daga inji ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya shiga baƙar tukunyar nan da ke taimaka wa ƙafa wurin taka birki, ɗayan ya gangara zuwa wani ɗan ƙoƙo a jikin giya. Inji ne ke zuƙar iska ta cikinsa. Da wannan zuƙar giya ke sanin lokacin canji, da ita kuma birki ke yin laushi. Ya toshe tsagar da babban yatsansa, nan take injin ya daina rawa ya daidaita. Ya yi dariya har ana ganin jan goron haƙoransa, abin da ba kasafai yake yi ba, ya ce, "Ka ga, ciwo biyu, ƙaya ɗaya."

Ya yanko sabon tiyo ya sa, muka fita gwaji. Ta shiga ta biyu, ta shiga ta uku, ko ji ba ka yi. Birki ya yi laushi kamar sabon burodi. Na dawo ina washe baki, hankalina ya riga ya tafi kasuwa, domin saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, ga ragunan mutane an tara mini in kai Baure washegari. Rana ta yi sanyi, garejin ya watse, daga ni sai shi. Ya ce in sauko. Ya shiga, ya taka birki, ya fara Fatiha. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon ƙafarsa. Bai kai rabi ba na ga tana sauka a hankali, a hankali, kafin amin ta kusa taɓa ƙasa. Ashe taurin da birkin ke yi ne ya ɓoye wannan ciwon.

Ya fito ya buɗe kofin man birki. Robar murfin ta kumbura kamar ƙullin da ya kwana. Ya tsoma yatsa ya duba, ya dube ni, ya ce, "Wa ya ba ta zoɓo a nan?" Na ce ni ne, na ga ai mai ne. Ya yi salati. Ya ce, "Ɗan nan, man giya da robar birki ba sa ga maciji. Duk wata roba da ke cikin birkin nan, tun daga masta, uwar birkin, har ƙafafu huɗu, ta sha ta kumbura. Yau ya kama, gobe ya kama, jibi ka taka ka ji wayam. Sai an wanke layin duka an sake robobi, kuma irin nata sai Kano." Na ce kwana nawa? Ya ce uku, in wanda zai aika ya dawo da wuri. Na ce, "Kawu, kasuwa fa gobe ce." Na ce in na buga birkin sau biyu yana kamawa, na ce a hankali zan tafi, na ce hanyar Baure ba ta da gangare. Ya bar ni na gama sannan ya ce, "In giya ta ƙi, kasuwa ka rasa. In birki ya ƙi, ko mu rasa ka, ko wani ya rasa nasa." Ya zare makulli, ya cire hula. Tun ina ƙarami nake ganin wannan ina dariyar waɗanda aka yi wa, ban taɓa zaton hular za ta haɗiye nawa ba.

Abin da Kawu bai sani ba, da makulli biyu motar ta zo. Ɗayan yana aljihun wata rigata a gida.

Washegari da safe aka aiko masa abokinsa ya rasu a Sandamu, ya hau mashin ya tafi jana'iza. Ban tsaya dogon tunani ba, kuma ba zan ce shaiɗan ne ba, na gaji da ɗora masa kayana. Na je gareji da hantsi, mai shayi ya ce, "A'a, har an gama?" Na ce, "An gama." Na loda raguna da buhunan gero na kama hanya. Giya tana canzawa sumul, har ina yaba wa Kawu a zuciyata. Duk inda zan rage gudu in buga birki sau biyu, ya kama. Na wuce Zango lafiya, na fara ce wa kaina tsofaffi dai akwai tsoro.

Dab da shiga Baure wata amalanke ta fito daga hanyar gona, shanu biyu na ja, an jibga mata kara, mai ita yana zaune a gaba. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka ruwa. Na buga, na sake bugawa, babu. Ƙafata ta hagu ta yi ta dukan wurin da kuloci ya kamata ya kasance, shekarun da na yi ina jan motar hannu suka dawo mini a lokacin da ba su da amfani. Birkin hannu kuwa tun da na same ta ba ya aiki, dutse nake sa wa taya. Lam tana nan a ƙarƙashin tafin hannuna, ban tuna da ita ba sai da komai ya tsaya. Sa ɗaya a wurin aka yanka shi. Mai amalanken yana kwance a gefen titi, ƙafarsa ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa, yana ta salati. Ni ko ƙwarzane ban yi ba.

Shekarun nan ne da aka dawo da shari'a da ƙarfinta, magana kaɗan sai ka ji an ce a je gaban alƙali, kuma mutane suna tsoron rantsuwa fiye da gidan yari. Bayan Sallah aka kira mu. 'Yan'uwan mai amalanke a gefe ɗaya, mu a gefe ɗaya, direbobin tasha sun cika baya. Alƙali ya tambaye ni ko na san birkina ba shi da lafiya. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, daga wurin gyara na ɗauko ta a ranar." Kowace kalma a ciki gaskiya ce, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan ba. Ya ce wurin wa? Na faɗa, ban dubi inda Kawu yake ba. Alƙali ya ce, "Za ka iya rantsuwa ba ka san da matsala ba lokacin da ka hau ta?" Ya yi alama a kawo Alƙur'ani, aka ce in je in yi alwala. Na yunƙura. Allah ya sani, tashi zan yi.

Sai na ji muryar Kawu. "Allah ya gafarta Malam, a bar rantsuwar nan. Motar a hannuna take. Daga garejina ta fita, birkinta bai gyaru ba, kuma ni ne ban tsare ta yadda ya kamata ba. Abin da za a ɗora, a ɗora mini." Wani direba a baya ya ce, "Baba, kai?" Hular tana kansa, ina ganin ɗan tudun makullin ta saman kunnensa. Da ya ɗaga hannu ya cire ta ya zazzage a gaban alƙali, duk wanda ke ɗakin nan ya san ma'anar abin da zai faɗo. Hannuwansa suna kan gwiwa, bai motsa su ba. Aka yi sulhu, dangi suka ɗauki nauyin jinya da maye gurbin san, aka tashi.

Daura ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Kafin wata ya mutu an ce tsufa ya kama Kawu, kunnen ya tafi, ya saki mota ba birki. Masu kawo aiki suka ragu, suka koma wurin matasan da suka buɗe gareji a hanyar Katsina. Waɗanda ya taɓa riƙe wa makulli suka sami abin faɗa. A tasha in birkin wani ya yi sanyi sai ka ji an ce, "Ko Baba ne ya duba maka?" a kwashe da dariya. Na sha jin wannan ina zaune a wurin, kofin shayi a hannuna. Ban taɓa yin dariyar ba, kuma na daɗe ina yaba wa kaina a kan haka, kamar wani abin kirki na yi. Abin da ya fi ci mini rai, tun daga ranar Kawu bai sake riƙe makullin kowa ba. In ya gwada birki ya ga ya sauka, sai ya ce, "Shawara nake ba ka, kada ka hau." Mai mota ya ga dama ya ji, ya ga dama ya tafi.

Duk da haka ya gyara motar tawa. Robobi suka zo daga Kano, ya wanke layin, ya zaunar da ni a kujera ina bugawa yana kwance yana fitar da iska taya bayan taya, yana cewa, "Buga. Riƙe. Saki," kamar babu abin da ya faru. Har birkin hannu ya gyara. Da za a tayar da ita don gwaji, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Kawo naka." Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan maganar ke nan. Ya yi Fatiharsa, ƙafa ta tsaya cak, ya mayar mini da wanda na ba shi. Na cikin hular bai fito ba, ni kuma ban tambaya ba.

Sau uku na je da niyyar in durƙusa a gabansa. Na farko na tarar da baƙi, na ji daɗi. Na biyu na fara, "Kawu, maganar ranar nan," ya katse ni ya ce, "Yaya giyar, tana shiga a kan lokaci?" Na ce tana shiga. Ya ce, "To ka riƙa duba tiyon nan duk bazara, zafi ke cinye shi." Na ɗauka an rufe magana ke nan, domin haka ya fi mini sauƙi. Na uku yana kwance a ciwon ajali, Inna tana gefensa tana yi masa fifita. Na ce a raina bari ta fita tukuna. Ba ta fita ba, ni na fita.

Sai a zaman makoki na ji abin da ban taɓa sani ba. Mai amalanken ya ce duk shekara kafin girbi Kawu yana hawa motar haya ya je ƙauyensu da sifanu a buhu, ya kwance ƙafafun amalanken ya sa musu girisi, ya ɗaure abin da ya kwance, ya ci tuwo ya dawo. Ya ce ko sau ɗaya bai fasa ba. Ni da nake bin hanyar nan duk sati, ban taɓa karya kan mota na shiga ƙauyen ba.

Kwana biyu da rasuwar Kawu, Inna ta kira ni cikin gida. Tana haɗa kayansa za a ajiye wa 'ya'yansa, tsohuwar hular tana kan cinyarta. Ta ce, "Zo ka gani, na ɗauka zan wanke na ji ta da nauyi." Ta juyo cikinta. An ɗinke wani abu a naɗin da baƙin zare, ɗinkin namiji, manya-manya. Ta sa reza ta farke, makulli ya faɗo a kan tabarma, da ɗan jan zaren da na ɗaura masa da hannuna ranar da na kawo motar gida. Inna ta san zaren, daga kwandon saƙarta na ɗauka. Ta san yayanta, ta kuma san abin da makulli a hularsa yake nufi. Ta dubi makullin, ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ashe bai ba ka ba." Na ce bai ba ni ba. Ta ce, "Ni har faɗa na yi masa. Na ce ya kusa kashe mini ɗa da sakacinsa. Wata biyu ban kai masa abinci da hannuna ba." Ta ajiye hular a gabana ta ce, "Gobe sadakar uku. Waɗanda suka ji waccan maganar za su dawo." Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Washegari bayan an yi addu'a an raba waina, kafin mutane su watse na ce a ɗan dakata. Na ajiye hular a tsakiyar tabarma, na ɗora makullin a kanta. Tsofaffin direbobi ba su buƙaci bayani ba, fuskokinsu sun canza tun ban buɗe baki ba. Duk da haka na faɗa, tun daga jan man da na zuba har alwalar da na tashi zan yi. Ban tsallake komai ba. Wanda ya roƙa masa gafarar kuskure guda ya rufe fuska da hannun riga. Tsohon direban Kano ya ce, "Inna lillahi. Mu da muka san hular nan, ko ɗayanmu bai tambaya ba."

Mai amalanken ya tsaya a garin har ranar sadakar, yana zaune jikin bango. Na matsa gabansa na durƙusa na ce, "Malam, ni na karya maka ƙafa. Ka yafe mini." Ya daɗe yana murza kan sandarsa. Ya ce, "Shekara tara ina yafe wa mutum abin da bai yi mini ba. Yana zuwa gidana, ina ba shi tuwo, ina jin ni ne mai alheri. Ko sau ɗaya bai gyara mini zance ba." Ya share ido da bakin rawani ya ce, "Shi zan fara roƙon yafiyarsa. Kai kuwa, ka ba ni lokaci." Aka taimaka masa ya miƙe, ya hau mashin, bai waiwayo ba.

Ban ga laifinsa ba. Girbi ya kusa, na sa sifanun Kawu a buhu da gwangwanin girisi, ban sani ba ko zai bar ni in taɓa amalanken. Inna tana amsa gaisuwata, amma har yau ba ta kira ni da sunan da take kirana ba. Motar tana nan tana aiki. Kullum da safe ina tayar da ita in taka birki in karanta Fatiha. Ƙafata ba ta sauka, muryata ce dai ba ta cika kaiwa amin ba.

Duk wanda ya karanta wannan, in ya taɓa jin an ce wani tsohon makanike a Daura ya saki mota ba birki, ya taimake ni ya gyara zancen a inda ya ji shi. Bai sake ta ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri a ranar tonon asiri kamar yadda ya rufa mini. Makullin yana hannuna yanzu, kuma ba shi ya ba ni ba.